Kabarin da Ustinya Ta Hana Ƙwai

Ustinya 'yar Protas maƙwabciyata ce a ƙauyenmu Rakitka tun muna amare har haƙoranmu suka fara zubewa, kuma ban tuna ranar da muka wuni ba mu zagi juna ta kan shinge ba. Doguwa ce, busasshiya kamar sandar shanya, ga hanci da za a iya haƙo dankali da shi. Ni kuwa Domna, gajera mai baki, ni ke wanke matattun ƙauyen, ni ke yi musu kukan binnewa. Ana sallamata da fanke da ƙwai, da ɗan kofin giya idan masu gawar suna da kunya.

Ustinya ba ta ƙarya. Kada ku ce kirki ne ya yi mata yawa, tsoro ne. Matar nan ta yarda da kowace alama da Allah ya halitta da wadda tsofaffi suka ƙara. Ba ta share ɗaki ranar da wani ya yi tafiya, kada ta share masa hanyar dawowa. Ba ta miƙa maka ko gishiri ta kan dokin ƙofa. In kaza ta yi cara irin ta zakara, ranar za a ci nama a gidanta, ko da kazar ce kaɗai mai ƙwai.

Mijinta Safeli kafinta ne, mutum ne da ba ya magana sai da katako. Kyauta guda ya taɓa yi mata a duniya: wata shekara da kaka ya sassaƙa akwatunan gawa biyu, ɗaya nasa ɗaya nata, ya haye da su saman rufi. Ta yi ta murna kamar an saya mata 'yan kunne. Har kirana ta yi in gani, ta shiga ta kwanta ta ce, "Domna, dubi, ko ƙafata ba ta taɓa ƙarshe ba."

Na ce, "Hancin ne zai hana murfin rufuwa."

Safeli ya riga ta shiga nasa, itace ya faɗo masa a daji. Nata ya zauna a sama, cike da hatsi har baki, yadda aka saba, don akwatin da aka bari wofi yakan nemo wanda zai cika shi. Kowace shekara ta juye tsohon hatsin ta ba mabarata, ta zuba sabo. Da haka ta raini ɗanta guda, Hariton, ta aurar masa da Lukeriya, yarinya mai saurin kuka da saurin dariya. Ya tafi yaƙin Jamus ya dawo da ƙafafunsa biyu, abin da ba kowa ya samu ba. Suka haifi mace da namiji.

Da aka tuɓe sarki aka raba mana gonakin mai gidan dutse, attajirin da muke yi wa noma, mun yi rawa, har ni. Ustinya ma ta ɗan girgiza kafaɗa. Ba mu gama share gumi ba Jajaye, sabbin masu mulki, suka aiko daga birni a karɓi hatsi, wai ragowa kawai suke so. Na girma na tsufa ban taɓa ganin ragowa a Rakitka ba, amma su sun gan ta. Suka zo da sandunan ƙarfe suna caka ƙasa, suna caka bango, suna caka katifar mai jego. Suka kwashe na ci, suka dawo suka kwashe na shuka. Suka ja saniyata, baƙa mai farin goshi, tana waiwayena har suka sha kwana. Hatsin kuwa muka ji yana can tashar jirgi a tsibe, ruwa yana dukansa.

To, mazanmu ba waliyyai ba ne. Suka ɗauki manyan cokulan ƙarfe na kwasar ciyawa da bindigogin da suka ɓoyo daga yaƙi, aka wayi gari da gawar masu karɓar hatsi a rafi. Daga nan duk ƙasarmu ta Tambof ta kama da tawaye. Hariton ya hau dokin gidan ya bi sauran cikin daji. Mu muna ce musu mutanen daji, gwamnati tana ce musu 'yan fashi.

Akwatin Ustinya ya tsira a binciken farko. Wani soja ya leƙa saman rufi, ya ci karo da akwatin gawa a duhu, ya sauko da baya yana alamar gicciye. Amma mun san ba kullum za a aiko matsoraci ba. Abin da ke cikin akwatin nan shi ne irin shuka na ƙarshe a layinmu.

Cikin babban azumin coci, ƙanƙara ta fara narkewa, labari ya zo cewa duk gidan da namijinsa ke daji za a kwashe iyalinsa, tsoho da jariri, a kai su wani fili da aka kewaye da waya kusa da tasha, a riƙe su har mutumin ya miƙa kansa. In ya miƙa kansa a harbe shi. In bai zo ba a tura su arewa. A wannan makon Hariton ya shigo da hantsi cikin hazo neman burodi, ya rame, gemu har ƙirji. Ni ma ina gidan a lokacin. Na dube shi, na dubi rufin, abu ya faɗo mini.

Na ce, "Hariton, gobe za ka mutu."

Ya ce, "Allah ya sawwaƙe bakinki, Inna Domna. Da wace cuta?"

"Zazzaɓin ƙwarƙwata. Ga su nan ma suna kiwo a wuyanka, ba sai mun yi aro ba. Gawar mai zazzaɓin nan ba a buɗe ta, ba a sumbatarta, kowa gudunta yake yi. Mu buga ƙusa a akwatin uwarka da abin da ke ciki, mu kai maƙabarta. Matarka ta zama gwauruwa, 'ya'yanka marayu. Wa ke kama iyalin matacce?"

Ya yi dariya har ya ƙware da burodi. Ya ce, "Ki yi mini kuka mai kyau, Inna, kada ki yi mini na talakawa."

Lukeriya ta yarda nan take. Ustinya ce ta zauna kamar an dasa ta. Can ta ce, "Akwatin ku ɗauka. Amma ba wanda zai kira sunan ɗana a addu'ar matattu. Ko a coci, ko a bakin kabari, ko a zuci."

Ba sai ta yi bayani ba. Kowa a wajenmu ya san wanda aka roƙa wa hutun matattu yana raye, bushewa yake yi a tsaye, ya bi addu'ar. Matan da miji ya guje wa sukan yi haka don mugunta. Na ce mata ba damuwa, limamin cocin ma an tafi da shi tun sanyi, wa zai karanta?

Aka fitar da Hariton a ƙarƙashin ciyawa cikin keken doki. Muka shafe akwatin da kwalta ciki da waje, muka mayar da hatsin, muka buga ƙusa. Tsofaffin da suka ɗauka suna nishi, ɗaya ya ce, "Kai, yaron nan daji ya karɓe shi." Na ce kumbura ya yi, ka yi tafiyarka. Rabin ƙauyen sun gane, ba wanda ya ɗaga ido. Ni kuwa na yi kukan da ban taɓa yi wa attajiri ba, ina birgima a taɓo, ina cewa wa zai tashe ni da asuba, wa zai sa mini fari a miya, sun raba ni da ke ban shirya ba. Saniyata nake yi wa, kuma hawayen na gaske ne. Aka kafa gicciye ba suna.

Bazara ta zo ba ruwa. Ƙasa ta tsage, mutane suka fara haɗa garin burodi da ganye. Sai sojoji suka cika ƙasar, ba 'yan karɓar hatsi ba, sojoji sosai, da manyan bindigogi da motoci masu sulke. A ƙauyen da ke hayin rafi suka tara mutane a gaban coci, suka ware wasu maza, suka ce a nuna 'yan fashi. Ba wanda ya yi magana. Suka harbe su, suka ware wasu. A karo na biyu aka yi magana. Daga filin waya kuwa labarin da ke zuwa guda ne: yara suna mutuwa da gudawa, ana fitar da su da safe a keken shara. Lukeriya ta daina barin 'ya'yanta su fita ko ƙofar gida.

Ana haka Asabar ta Magabata ta zo, ranar da kowa ke zuwa wajen matattunsa. A share kabari da ɗanyen reshen itacen beryoza don a buɗe wa mamaci ido, a ajiye masa ƙwai da aka rina da ɓawon albasa, a marmasa fanke, a kira sunansa. A shekarar ƙwai guda kabari uku ake raba wa, amma ba wanda ya zo hannu wofi.

Tun a hanya na ga Lukeriya da rabin ƙwai a ƙulle a gefen gyale. Ustinya ma ta gani. Ta ce, "Na wa ne wannan?"

"Na... na can ne, Iya. Don idon mutane."

"Ki ba 'ya'yanki su ci. Abincin matattu za ki kai wa mijinki yana numfashi?"

Na ce, "Ustinya, ke dai jaka ce tun kina amarya. Ƙwai ne fa, ba addu'a ba. Ki ajiye, ki ɗan share wurin, ki yi tari biyu a ce kuka ne."

Ta ce, "Ki je ki share wa mashayin mijinki."

Haka aka yi. Maƙabarta ta cika da mata, kowane tudu ya yi kore da ganye, ko'ina ana kiran sunaye. Ustinya ta durƙusa a kan Safeli, ta juya wa sabon kabarin baya. Shi kaɗai ya zauna fayau, busasshiyar ƙasa da gicciye, kamar kan mai sanƙo a tsakiyar kasuwa.

Ba mu ji zuwansu ba sai da dawakai suka kewaye shingen. Sun san ranar ce za a sami ƙauyen duka a wuri guda. Kwamandansu ya shigo a ƙasa, da rigar fata a wannan zafin, yana gumi kamar cuku. Na dubi hannunsa na ce a raina mun shiga uku. Ba hannun ɗan birni ba ne. Wannan ya riƙe garma, uwarsa ta taɓa jan sa zuwa maƙabarta ranar irin ta yau.

Ya bi kaburbura a hankali, hannu a baya. Ya tsaya a kan na mijina, ya ɗauki guntun ƙwan da na ajiye ya jefa a baki.

Na ce, "Ci, ɗana. Shi ma a kan na wasu ya rayu."

Bai ko kalle ni ba. Ya wuce har sabon kabarin, ya taɓa ƙasar da takalmi. "Na wa ne wannan?"

Sai ni na amsa, tunda bakina ba ya jin magana: "Hariton ɗan Safeli. Zazzaɓin ƙwarƙwata. Ni na wanke shi, ranka ya daɗe, ko in ce abokin gwagwarmaya, ban san wanda ake yayi yau ba."

"Hariton ɗan Safeli," in ji shi. "Wanda aka ce an gani a bakin kogi makon jiya a kan doki mai farar ƙafa. Matattunku suna da yawo. Ina uwarsa?"

Ustinya ta miƙe. Ta fi shi tsawo.

Ya ce, "Iya, a ƙauyenmu matar da ta binne ɗa a azumi, ranar nan sai an ɓamɓare ta daga kan kabari da ƙarfi. Ke ko reshe ba ki karya masa ba. Kun yi faɗa ne?"

Wani sajan ya ce a kawo shebur. Sojojin suka dubi juna, ba mai son haƙa gawar zazzaɓi a tsakiyar zafi. Kwamandan ya ɗaga hannu.

"Ba na bukatar shebur. Na san irinku, irinku ce ta haife ni." Ya ciro reshe daga kabarin kusa ya miƙa mata. "Share masa. Ki durƙusa ki roƙa masa hutu, da sunansa, da ƙarfi, kowa ya ji. In kin yi, na yarda yana ciki, in tafi. In ba ki yi ba, ga keke can. Ke da surukarki da yaran nan biyu da ke leƙe ta bayan zaninta."

Ya san abin da ya roƙa. Da ya ce ta rantse da gicciye, da na yi mata rantsuwar ni, na saba. Amma ya tabbata babu uwa a ƙasar nan da za ta yi wa ɗanta mai rai wannan addu'ar, kuma gaskiyarsa.

Ustinya ta dubi daji, can inda ya yi baƙi a ƙarshen gonaki. Ta dubi yaran. Ƙaramin yana tsotsar ɓawon ƙwai.

Ta karɓi reshen. Ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta share kabarin daga kai zuwa ƙafa, a tsanake, yadda take share ɗaki ranar idi. Ta miƙa hannu baya ba ta waiwaya ba, Lukeriya ta sa mata rabin ƙwan da ta hana ɗazu, wanda ashe yarinyar ba ta bayar ba. Ta ajiye shi a gindin gicciye. Sannan ta ce, da murya irin ta mai kiran kaji:

"Ya Ubangiji, ka ba ran bawanka Hariton hutu tare da tsarkaka. Ka gafarta masa, ka sa a tuna da shi har abada."

Ta faɗa, ta sake faɗa, ta cika na uku ba wanda ya sa ta. Daga nan ta kifa fuska a ƙasar ta yi wani kuka da ni mai sana'ar ban san daga inda ake ciro shi ba. Matan da suka san abin da ke cikin ramin suka toshe bakinsu da gyale.

Kwamandan ya tsaya ya gama kallo. Ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Iya," kamar ya manta an hana su Allah. Ranar sun cika keke biyu da iyalan wasu gidaje. Gidan Ustinya ba a taɓa ba.

Daga ranar ta daina zagina. Na jefa mata toka ta kan shinge, na ce kajinta ɓarayi ne kamar uwargijiyarsu, ko kai ba ta ɗaga ba. Kullum tana bakin ƙofa tana fuskantar daji.

Da tsakiyar rani suka ja manyan bindigogi bakin dajin. Wuni guda muna jin su. Masu kiwon da iska ta biyo ta kansu suka dawo ido jajur suna amai, suka ce wani hayaki ne ke bin ƙasa, tsuntsaye suna faɗowa. Bayan kwana kaɗan aka kawo gawarwaki a keke aka jera a gaban coci, aka fito da mu gida gida mu wuce ta gabansu a layi. Sojoji suna kallon fuskokinmu, ba na matattun ba. Wadda ta yi kuka ta nuna gidanta.

Tun daga nesa na hango rigar Hariton. Ustinya ce ta yi mata aikin jan zare a wuya, ƙananan zakaru a jere, irin wanda ke bakin hannun tata rigar. Na damƙi damtsen Lukeriya na murɗa naman da farce, na sa baki a kunnenta ina ba ta labarin abin da na taɓa kama mai niƙa yana yi da matar mai unguwa a bayan buhuna, dalla dalla, da ƙarin gishiri. Ta wuce mijinta tana kallon ƙasa, jini yana bin hannunta.

Ustinya tana gabanmu. Kwamandan nan dai, rigar fatar a kafaɗa yanzu, ya tare ta da sanda daidai kan gawar.

"Iya, kin san wannan?"

Ta dube shi, ɗan nata, tun daga gashi har tafin ƙafa. An cire masa takalma. Ta ce, "Ban san shi ba. Nawa yana maƙabarta. A gabanka na yi masa addu'a."

Idonsa ya sauka kan wuyan rigar, ya koma kan hannun rigarta, ya daɗe a can. Ban san abin da ya gani ba, ban kuma san wadda ya tuna ba. Ya janye sandar ya ce, "Wuce."

An zuba gawarwakin a kwarin bayan gari, aka kora dawakai a kai har wurin ya baje.

Da yamma na same ta zaune a ƙasa kusa da murhu. Ta ce, "Domna, ni na kashe shi."

Na ce, "Ke? Da wannan bakin? Tun muna da haƙora kike tsine wa akuyata, sai da ta haifi jikoki. Bindiga ce ta kashe shi, da hayaki, da mutanen da ke cewa akwai ragowa. Har su wancan tulin duk ke kika yi musu addu'a?"

Ta ce, "Su ban sani ba. Nawa na sani." Ban taɓa iya fitar mata da wannan ba, kuma na gwada da zagi, na gwada da lallashi.

Lokacin shukar kaka ya zo. Yunwa ta fara ɗaukar tsofaffi, maƙabarta ta zama wurin da ba a tambayar mai zuwa. Da mai kaɗa ƙararrawar coci ya mutu, na sa aka haƙa masa rami jikin na Hariton. Ta gefen ramin muka fasa akwatin. Farin da ya kashe mana gonaki shi ya tsare mana hatsin, ya fito a bushe yana ƙamshin kwalta. Mata suka yi ta zuwa ta'aziyya suna komawa da ciki kamar masu wata bakwai. Gida gida a layinmu aka shuka. Lukeriya ce ta ja garma, Ustinya tana watsawa a bayanta.

Abu guda ya dame ta: akwatin yana can ƙasa wofi. Ta ce zai nemi mai cika shi, kuma ita ba ta yarda ya duba wajen yaran ba. Ta fara tura musu rabonta na burodin ganye, in an yi magana ta ce ta ci a gidana. A gidana kuwa ko ɓera ya daina zuwa. Ba ta ga girbin ba. Yaran sun gani, dukansu biyu, macen ma yanzu jikokinta sun fi kajina yawa.

Ranar da za ta tafi, sanyi ya daskare taga, ta aiko a kira ni. Ta ce, "Ke gajera."

Na ce, "Na'am, mai hanci."

"Ki sa ni a akwatina. Ki kira sunana da nasa tare, yanzu ba abin da zai same shi." Ta huta, ta buɗe ido guda. "Kuma in kika yi mini kukan saniya, sai na dawo na shaƙe ki."

Sojoji sun riga sun tafi, ba mai tambaya. Muka ce za a ɗora ta a kan ɗanta. Muka ja ta a kan katakon da ake ja bisa ƙanƙara, ni da Lukeriya, ba ta kai nauyin buhu guda ba. Muka fasa ƙasar da gatari, muka share ragowar ƙwayoyin da suka maƙale a kusurwa, muka kwantar da ita. Ƙafarta ba ta taɓa ƙarshe ba. Murfin ma ya rufu, hanci da komai.

Na kira sunayen biyu. Saniyar ko tuna ta ban yi ba.